Idon Baƙo a Urushalima

Tun da aka kafa hukumar kula da ziyarar Kiristocin Najeriya a shekarar 2007, masu bi daga Samaru Kataf, Zonkwa, Kagoro da Kafanchan sun ƙara samun zarafin taka ƙasar da suka daɗe suna karanta sunayen garuruwanta cikin Littafi Mai Tsarki. Sukan dawo da hotunan Baitalami da Tekun Galili, da ruwan Kogin Urdun a 'yar kwalba, wasu har da haruffan JP a bayan sunansu. Amma idan hira ta yi nisa, abin da ya fi fitowa daga bakinsu shi ne yadda zaman mutanen can ya bambanta da na gida. A ƙarƙashin wannan hira akwai tambaya mai nauyi: idan baƙo ya tarar da abin da bai saba gani ba, yaushe ya kamata ya bi masu gari, yaushe kuma lamirinsa zai ce ya tsaya?

Batun abinci ba shi da wuya. Wanda ya tashi da tuwon acha da fate zai yi kewarsu a gaban gurasa da zaitun, kuma a masaukin da ke kiyaye dokar Yahudawa ba zai sami madarar shayi a teburin da aka ci nama ba. Haƙurin mako guda ya isa.

Ranar Asabar ta fi ba da mamaki. Da rana ta faɗi ran Juma'a, shagunan yammacin birnin sukan rufe, motocin bas su daina zirga-zirga. A manyan masaukai akwai lif da ke tsayawa a kowane hawa da kansa, domin kada mai kiyaye ranar ya danna maɓalli. Baƙi kan yi dariya. Sai dai ɗan da mahaifinsa bai taɓa ɗaukar fartanya ran Lahadi ba, ko da ciyawa ta cinye gonar citta, bai kamata ya riga kowa dariya ba.

Haka ma zancen hula. A majami'ar gida namiji yakan tuɓe hularsa a bakin ƙofa don girmama Allah. A Bangon Yamma, inda Yahudawa ke addu'a, sai a miƙa masa 'yar hula ya rufe kansa, kuma dalilin shi ne girmama Allah. Wanda ya karɓa ya sa bai sayar da bangaskiyarsa ba. Ya gane cewa ladabi yana da alamu dabam dabam, kuma baƙo ba ya zaɓar wa mai gida tasa.

Gwajin da ya fi tsanani yana cikin Majami'ar Kabari Mai Tsarki, domin waɗanda baƙo zai tarar a can 'yan'uwansa Kiristoci ne. Ga hayaƙin turare, ga kyandirori, ga zane-zanen tsarkaka, ga mata suna durƙuso suna sumbatar dutsen da aka ce a kansa aka shafe jikin Yesu. Mai bi da ya girma a majami'ar da ba ta da ado sai benci da bagadi yakan ji kalmar gumaka ta zo masa baki. Ya kamata ya riƙe ta tukuna. Habasha ta karɓi bishara tun ƙarni na 4, alhali masu mishan na SIM ba su zauna a Kwoi ba sai a 1910. Daɗewa ba ta mai da kuskure gaskiya, amma ta isa ta sa ƙane ya yi tambaya kafin ya yanke wa wansa hukunci. Ba dole ne ya sumbaci dutsen ba idan lamirinsa bai yarda ba. Romawa 14 ta ba shi wannan 'yanci, ta kuma hana shi rena wanda ya yi. Manzo Bulus ma ransa ya ɓaci da abin da ya gani a Atina, duk da haka ya zaga birnin a natse, ya karanta rubutun da ke jikin bagadinsu, kuma daga wannan rubutu ya fara yi musu magana (Ayyukan Manzanni 17).

Akwai wani abu a ƙofar wannan majami'a da mai saurin ɗaukar hoto kan wuce bai lura ba. Ɗarikoki 6 ne ke raba ginin, kuma zamansu ba kullum yake da daɗi ba. A 2008 har dambe ya kaure tsakanin limaman Girka da na Armeniya. Mabuɗin ƙofar kuwa yana hannun Musulmi: iyalin Joudeh ke ajiye shi, iyalin Nuseibeh ke buɗewa da rufewa, al'adar da ake dangantawa da zamanin Salahuddin, wanda ya ci birnin a 1187. Mutumin da ya ga Kafanchan a 1987 ko Zangon Kataf a 1992 ba zai ji wannan da sauƙi ba, kuma babu mai ikon ce masa ya manta da waɗanda ya binne. Urushalima kanta ba birnin salama ba ce a yau. Amma ƙofar tana nan, kuma kowace asuba, kafin motocin baƙi su iso, maƙwabci Musulmi ne ke hawa tsani ya buɗe wa Kiristoci su shiga sujada.