Wa zai riƙe allurar bayan uwa?

Ɗan yayata yana shekara 9 aka gano masa ciwon sukari, irin wanda jiki ke daina samar da insulin kwata-kwata. Uwarsa ce ta zame masa komai: ita ke auna tuwo, ita ke yi masa allura safe da yamma, ita ke tura kwalbar insulin cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa, don wuta a Kaura Namoda sai ta ga dama. Da ya cika 17, likita a Gusau ya ce masa, "Ka girma, sashen manya za ka koma." A can ba mai tambayar ina mamarka. Kai za ka faɗi abin da ka ci da awon da ka samu.

Ni malamin Islamiyya ne, kuma a fiƙihu na samo bakin zaren. Malamanmu na Malikiyya sun raba balaga da rushdu. Balaga ke ɗora wa yaro salla da azumi. Amma dukiyar maraya, aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta sa a jarraba shi tukuna, sai an ga ya iya riƙo, wato rushdu, sannan a damƙa masa. Masu tafsiri suka ce a ba shi kaɗan ya juya, a sa ido. In an yi wa awaki da gona wannan taka-tsantsan, ina ga jikin da yake amanar Allah? Amma mu, a gida da asibiti, shekaru kawai muke ƙirgawa.

Waya ta taimaka, ban musu ba. Wata ma'aikaciyar jinya kan turo wa yara irinsa darasi da murya ta WhatsApp, da Hausa: yadda ake canza wurin allura daga ciki zuwa cinya, me za ka yi in gumi da rawar jiki suka taso maka a aji, don me ba a daina insulin ranar zazzaɓi ko da ba ka ci komai ba. Yaron Zurmi ko Shinkafi da hanya ta zame masa abin addu'a, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sai dai ba mu manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya. Kuma waya karantarwa take yi. Jarrabawa sai idon mutum.

Azumi ne ya nuna mini haka. Yaron ya san hukunci sarai. Ya san Baƙara ta yi wa marar lafiya rangwame, na kuma gaya masa cewa a 2009 majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Sharja, ta ce wanda ke cikin babban haɗari kada ya ɗauka. Ya ce, "Kawu, abokaina za su ce ni yaro ne." Kunya ce damuwarsa, ba jahilci ba.

Sai na ce wa yaya ta sakar masa allurar safe kaɗai, ta riƙa duba littafin awonsa duk Juma'a, kada ta yi faɗa. Ta yamma tana hannunta har yanzu. 'Yan mata masu irin wannan ciwo ne ma suka fi tsaya mini a rai, waɗanda ake kaiwa ɗakin miji an ɓoye wa dangin ango ciwon.