Hoton Kaya da Dokar Allah ta Takwas

Wani saurayi mai sana'ar ɗaukar hoto ya tare ni bayan Misa da wata tambaya. 'Yan kasuwa sukan kawo masa atamfa, takalma da tukwane, ya ɗauki hotonsu domin littafin tallar kaya. Yakan goge ƙura, ya daidaita haske, ya juya kayan ta gefen da ya fi kyau. Ya ce: "Fada, wannan ƙarya ce ko kuwa?"

Tambayar tana da nauyi, gama mai saye daga nesa ba ya taɓa kaya da hannunsa. Ba zai murza yadi ya ji kaurinsa ba, ba zai ƙwanƙwasa tukunya ya ji ko ta tsage ba. Hoton ne idonsa. Saboda haka mai hoto shaida ne tsakanin mai sayarwa da mai saye, doka ta takwas kuwa ta hana shaidar zur.

Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a shekara ta 1274, ya yi nazarin wannan batu tun ba a san hoto ba. Ya tambaya ko wajibi ne mai sayarwa ya faɗi aibun kayansa. Ya kawo misalin doki mai ido ɗaya: aibun a fili yake, don haka ba dole a yi shelarsa ba, muddin an rage kuɗin daidai da aibun. Amma idan aibun a ɓoye yake, zai kuma jawo wa mai saye hasara ko haɗari, to yin shiru zamba ce.

A nan ne hoto yake da nasa hatsari. A kasuwa kowa zai ga makahon idon dokin. A hoto kuwa, sai a tsayar da shi ta gefen ido mai lafiya, aibun da yake a fili ya koma ɓoyayye. Bakin mai hoto bai furta kome ba, duk da haka an ruɗi mutum. Wannan da jera manyan tumatir a saman kwando, ruɓaɓɓu a ƙasa, duk tafiyarsu ɗaya. Annabi Amos, a sura ta 8, ya tsawata wa masu rage mudu da masu sayar da dusa a matsayin hatsi. A shekara ta 1997 ma, ofishin Vatican mai kula da harkokin sadarwa ya fitar da takarda a kan ɗa'ar talla, inda ya sa gaskiya a gaba.

Ga amsar da na ba saurayin. Goge ƙura da neman haske mai kyau ba zunubi ba ne, kamar yadda amarya ba ta yi ƙarya ba don ta yi kwalliya. Amma canza launin zane, shafe tsaga da kwamfuta, ko nuna ƙaramin abu kamar babba, wannan ha'inci ne, ya kuma taɓa doka ta bakwai, domin kuɗin da aka samu ta haka na wani ne, dole a mayar.

Ma'aunin mai sauƙi ne. Ka tuna da matar da ta tara kuɗin adashi wata shida domin ta sayi zanen da ta gani a hotonka. Ranar da ta kwance ƙunshin, za ta gane shi? In za ka iya tsayawa kusa da ita a wannan sa'a ba tare da sunkuyar da kai ba, ci gaba da aikinka, Ubangiji ya sa masa albarka.