Mai Makantar Da Ma'auni

A Turai da Amurka ɗan sanda yakan tsaya a bakin hanya riƙe da wani abu mai kama da bindiga, amma ba harsashi yake fitarwa ba. Haske ne wanda ido ba ya gani, ana ce da shi leza. Hasken ya bugi mota ya komo, nan da nan na'urar ta faɗi gudunta. To, waɗansu masu wayo sun ƙera abin da ake ɗaurawa a goshin mota, ya riƙa mayar da nasa haske har na'urar ta rikice, ta kāsa faɗin kome. Waɗansu ma a gida suke harhaɗa shi. Jihohi da dama a Amurka, kamar Kalifoniya, sun haramta shi.

Kada mu ce wannan maganar Turawa ce. A nan ƙasarmu Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta soma tilasta wa motocin haya su sa na'urar ƙayyade gudu ran 1 ga Fabrairu, 2017. Mai motar da ya biya makanike ya lalata ta a ɓoye, shi da wancan mai wayo uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Direba yana da abin faɗi, ya kamata kuwa mu ji shi. Yakan ce, mai mota yana jiran kuɗinsa da yamma, mai ya yi tsada, in bai yi sawu biyu ba gidansa ba a ɗora tukunya. Yakan kuma ce waɗansu masu tare hanya na goro suke nema, ba lafiyar kowa ba, don haka zille musu ba laifi ba ne. Ba mu ce ƙarya yake yi duka ba. Amma fa mu duba wanda abin yake faɗa wa. Mutumin Kanya Babba da ya shiga mota zuwa Babura, ko Kazaure, ko Kano, ba a yi shawara da shi ba. Yarinya mai talla a bakin kwalta, da yaron da ke kora awaki su ƙetare, ba su ci na goron kowa ba. Fushi da mai kaki ake yi, su ne kuwa suke biya.

Gama mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a daƙiƙa guda, tun direba bai ɗaga ƙafa ba. In gudu ya ninka biyu, nisan da birki yake bukata ya ninka huɗu. Ana iya ruɗin na'urar ɗan sanda, amma wannan lissafi yana nan yadda yake.

Wani zai tambaye mu, direbobin da ke ƙyafta wa juna fitila a hanyar Kano zuwa Daura fa, don su sanar akwai ma'aikata a gaba? Mun yi ta juya wannan. A ganinmu ba daidai suke da wancan ba. Wanda aka ƙyafta wa fitila yakan rage gudu, ko da na rabin mil ne, ko da don tsoro ne, wataƙila kuwa a cikin rabin mil ɗin nan yarinyar take. Mai makantar da ma'auni kuwa tun a gida ya ƙudura ba zai rage ba, ya kashe kuɗinsa a kan haka, ya ɗaura abin da hannunsa, sa'an nan ya je tasha ya ɗauki mutane.