Alhakin Mai Sani

Akwai wata tambaya da mu ke so mu sa a gaban masu karatu a wannan wata. Idan mutum ya jawo wa gidansa mutuwa da aikin hannunsa, shi kuwa bai sani ba, wa ke da alhaki? Abin ya faru kusa da mu, a ƙasar Zamfara, kuma bai ƙare ba tukuna.

A shekara ta 2010 yara ƙanana su ka soma mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kamar su Dareta, da Abare, da Yargalma. Yaro ya kan yi amai, ya yi jijjiga, ya suma, kāna ya tafi. Da fari an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Sai ƙungiyar likitocin nan da a ke kira MSF ta sa aka auna jinin yaran, aka tarar gubar dalma ce. Yara wajen 400 su ka rasu, yawancinsu ba su kai shekara biyar ba.

Ga yadda abin ya zo. Kuɗin zinariya ya hau a duniya, maza su ka shiga haƙa. Dutsen da su ke haƙowa yana da dalma mai yawa a haɗe da zinariyar. Su ka kawo shi gida, aka daka a turmi, aka niƙa a injin irin na niƙa hatsi, aka shanya a tsakar gida. Ƙurar ta kwanta a ƙasa inda yaro ya ke rarrafe yana sa hannu a baki.

To, za mu kira iyayen nan masu kisankai? Ko kaɗan. Uban da ya ɗauko buhun dutse abinci ya ke nema wa 'ya'yansa, uwar da ta daka taimakon mijinta ta ke yi. Dalma ba ta da wari, ba ta yi wa ido alama. Wanda ba a taɓa faɗa masa ba, ba mu da ikon ɗora masa laifi. Amma wannan uzuri na ran nan ne kaɗai. Yau an sani, sani kuwa bashi ne a kan mai shi. Mutumin da ya ga maciji ya shiga ɗakin maƙwabcinsa, ya yi shiru ya wuce, ba zai ce ba ruwansa ba domin ba shi ne ya yi sārā ba.

Wani zai ce, ai magani mai sauƙi ne, a hana haƙa. An gwada. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a Disamba 2024, ba a kuwa daina haƙa a tsakani ba. Talaka wanda gonarsa ba ta ciyad da shi shekara, idan ka hana shi a fili, zai yi a ɓoye, a ɓoye kuwa cikin gida ke nan, inda yara su ke. Domin wannan mu na gani koyarwa ta fi hani amfani, gama ita ba ta raba mutum da abincinsa.

Mu duba abin da aka koya wajen gyaran ƙauyukan. Dalma ba ta ruɓewa, wuta ba ta cinye ta, damina ba ta kawad da ita. Tilas ne a kankare ƙasar sama ta kowane gida, a zuba a buhu, a kai wani rami nesa a binne, a kawo sabuwar ƙasa a shimfiɗa. Wani kamfani na Amurka mai suna TerraGraphics ya koya wa ma'aikatan jiha da samarin ƙauyukan wannan aiki, har da yadda a ke auna ƙasa da na'ura. Likitoci kuma su ka ce ba amfani a ba yaro maganin da ke fid da dalma daga jini idan zai koma cikin ƙurar da ta sa shi ciwo. Saboda haka yaran Bagega su ka yi ta jira har 2013, sa'ad da aka saki kuɗin gyaran garinsu. Jinkirin manya a ofis, yara ne su ka biya shi, gama abin da dalma ta ɓata a ƙwaƙwalwar yaro ba ya komowa.

Duk da haka shara kaɗai ba ta isa ba. Gidan da aka gyara, idan mai shi ya sāke shigo da buhu ɗaya na dutse, aikin ya koma baya. Ilimin da bai bar ƙauyen da aka koyar ba kuwa ba ya ceton na gaba. A 2015 irin wannan masifa ta sāke faɗa wa ƙauyukan Rafi a Jihar Neja, yara fiye da ashirin su ka rasu, shekara biyar bayan an san dalilin sarai.

Akwai kuma masu cewa kwana ne ya ƙare. Ba mu musun cewa rai a hannun Allah ya ke. Amma mai faɗin haka yana rufe bakin rijiyarsa, yana kuma ɗauke wuƙa daga hannun jariri, ba wanda ya ce masa ya rasa dogara.

Yanzu mu zo gida. Daga Garbadu zuwa Anka ba nisa ba ne, a ƙasar Maradun ma a na haƙar zinariya, samarinmu kuwa da rani su kan bi inda kuɗi ya ke. Abin da ya kamata kowannensu ya sani ba shi da yawa. Kada a kawo dutse ko garinsa cikin gari. Kada a niƙa shi a injin hatsi. A jiƙa shi da ruwa kafin a niƙa, domin ƙura kada ta tashi. Mai aiki ya wanke hannu kafin ya ci, ya yi wanka ya sāke tufa a wurin aiki kafin ya ɗauki ɗansa. Mace mai ciki da yara kada su kusanci wurin, gama dalma ta kan ratsa daga uwa zuwa ɗan da ke ciki. Haka kuma mai ƙona zaiba don fid da zinariya kada ya yi a ɗaki, gama hayaƙinta guba ne. Manoman shinkafa na Bakolori su ma suna da nasu rabo: galan ɗin maganin feshi ba na zuba ruwan sha ba ne.

Wannan koyarwa ba ta bukatar babban ɗaki ko takardar shaida. MSF ta miƙa aikinta ga hukumomin Zamfara a 2022, amma mutanen da su ka kankare ƙasar Bagega da hannunsu suna nan, ya kamata a nemi su koya wa waɗansu. Malamin makaranta, da ungozoma, da mai injin niƙa, da shugabar zumuntar mata, kowa yana da masu jin maganarsa. Maƙwabcinmu Musulmi da mu ƙura ɗaya mu ke shaƙa, 'ya'yanmu a dandali ɗaya su ke wasa.

Kai da ka karanta wannan, ka fita daga cikin marasa sani. Kana da ƙane ko ɗan maƙwabci wanda zai tafi ramin zinariya bana? Ka zauna da shi kafin ya tashi, ka faɗa masa.