Kuɗin Katako

A wata majami'a da ke gefen Wusasa, can wajen ganuwar Zariya, akwai benci guda a ƙuryar baya wanda ba mai zama a kai da son ransa. Nan ake zaunar da wanda aka sa a horo. Zai zo sujada ya ji wa'azi, amma ba ya cin jibin Ubangiji, ba ya riƙe wani aiki, har sai dattawa sun gamsu ya tuba. A daminar 2023, mai zama a wannan benci wani saurayi ne da kowa ke kira Auta.

Auta shi ne ma'ajin zumuntar matasa. Sun daɗe suna tara kuɗin sayen lasifika da sababbin ganguna, har suka kai naira 85,000, duk a hannunsa. Sana'arsa acaba, da babur ɗin haya, kullum yamma sai ya kai wa mai babur balas. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Fasinjan da ke hawa daga Wusasa zuwa Tudun Wada ya koma takawa da ƙafa. Ranar farko da balas bai cika ba, Auta ya zari dubu ɗaya daga kuɗin matasa, da niyyar gobe ya mayar. Goben ba ta zo ba. Sai zazzaɓi ya kwantar da mahaifiyarsa, wadda mijinta ya rasu tun Auta na goye, aka yi ta sayen magani da ƙarin ruwa. Ranar da matasa suka ce a kawo kuɗi a je kasuwa, abin da ya rage dubu bakwai ne kacal.

Wasu suka ce a kira 'yan sanda. Wanda ya hana shi ne wani dattijon majami'a, ɗan kwangila mai hali. Ya miƙe a gaban jama'a ranar Lahadi, ya zaro kuɗi daga aljihun babbar rigarsa, ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a kan teburin baiko har suka cika. Aka yi tafi, mata suka yi guɗa. Dole a faɗi gaskiya a kan mutumin nan: kuɗinsa ne na guminsa, ba wanda ya tilasta masa, kuma ba don shi ba da Auta ya kwana a bayan kanta.

Amma kyautar ba ta zo ita kaɗai ba. Tun a wurin ya juya ya dubi yaron ya ce, "Na biya maka, amma ka sani ɓarawo ɓarawo ne." Daga ranar, duk inda suka haɗu sai ya tuna masa. In Auta ya durƙusa ya ce, "Ina kwana, ranka ya daɗe," sai ya amsa, "Lafiya. Yau aljihun wa aka taɓa?" Mutane su yi dariya. In mahaifiyarsa ta zo gaisuwa, sai ya ce, "Maman Auta, ki gode wa Allah da ya sa ina garin nan." Ita kuwa ta yi ta godiya, kanta a ƙasa, har ta daina zuwa taron zumuntar mata saboda kunya. Mai babur ya karɓe abinsa. Auta ya koma fitowa sai duhu ya yi, ranar Lahadi kuma yakan shigo bayan an fara waƙa, ya fice kafin a sa albarka.

Akwai wani tsoho mai shagon kafinta a bakin hanya, ana ce masa Baba Kafinta. Ba shi da abin hannu; in baiko ya zo, abin da yake sakawa ba ya ƙara. Mahaifinsa na cikin waɗanda suka koyi karatu a Wusasa bayan mishan ta taso daga cikin birni ta koma can a 1929, shi ya gadar masa da tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa, fassarar 1932 wadda Likita Mila, ɗan mishan ɗin, ya sha wahalarta. Littafin yana nan a shago, a naɗe cikin leda saboda ƙurar katako.

Wata Lahadi Auta na sauri zai fice, sai ya ji an riƙe masa hannun riga.

"Ɗana, gobe ka biyo ta shago da sassafe. Idona ya fara gajiya, ina neman mai karanta mini tef."

Bai ce masa zo in taimake ka ba. Cewa ya yi shi ke nema, kuma ba ƙarya ya yi ba, don lambobin tef sun fara haɗe masa. Auta ya zo. Mako biyu yana riƙe falanki, yana miƙo ƙusa, yana goge ƙafafun kujera da samfefa har tafin hannunsa ya yi kanta. Da rana matar Baba takan aiko da tuwon masara da miyar kuka a kwano ɗaya, su ci tare.

Yabon Baba ba irin na "sannu da ƙoƙari" ba ne wanda ake jefa wa kowa. Sai ya ɗauki abin da yaron ya yi, ya juya shi, ya shafa da babban yatsa, sannan ya faɗi abin da ya gani. "Ka ga wannan kusurwa? Ko takarda ba za ta shiga tsakani ba. Hannunka na da natsuwa." Ranar da Auta ya yanke falankin maɗaci ya gaza da inci biyu, ya tsaya zarto a hannu yana jiran zagi. Baba ya auna, ya ce, "Ya gaza, ba shakka, kuma asara ce. Ka auna sau ɗaya ka yanka, shi ya sa. Ajiye shi, zai yi mana durowa. Ɗauko wani ka sake, ina kallo." Bai ɓoye kuskuren ba, bai kuma mai da kuskuren sunan yaron ba. A ganina wannan ne abin da yawancinmu muka kasa, a gida da makaranta da majami'a: ko mu yi shiru don kada a ɓata, ko mu faɗi gaskiya ta yadda mai ji ba zai iya tashi ba.

A mako na uku aka kawo aikin bencina goma na wata makaranta, aka ba da kafin alƙalami naira 120,000. Baba ya ƙirga kuɗin a gaban Auta, ya rubuta abin da ake bukata a bayan kwalin ƙusa: falanki kaza, tubaitu kaza, gam, ƙusa mai inci uku. Sannan ya miƙa masa duka.

"Ka tafi 'yan katako a Sabon Gari. Ka duba kowane falanki da kanka, kada su haɗa maka da ɗanye. Ka ɗauko a-kori-kura."

Auta bai miƙa hannu ba. "Baba, ni?"

"Akwai wani a shagon nan bayan kai?"

"Baba, ka san abin da na yi."

"Na sani, ina wurin. Na kuma san wanda ya yi mako biyu yana buɗe mini shago kafin in iso, ko ƙusa ɗaya ba ta ɓata ba. Shi nake aika. Karɓi, rana na yi."

Da yaron ya tafi, matar Baba ta fito daga cikin gida, ranta a ɓace. Ta ce kuɗin mutane ne, in suka salwanta da me za su biya, su da ko akuya ba su da ita? Tambayarta na kan hanya, Baba kuma bai ce mata ba abin tsoro ba. Ya dai tuna mata da labarin Markus a Ayyukan Manzanni, saurayin da ya bi Bulus da Barnaba tafiyar bishara, ya sare a Bamfiliya ya koma Urushalima. Da za a sake tafiya Bulus ya ƙi a tafi da shi, gardama ta yi zafi har manyan biyu suka rabu, Barnaba ya ɗauki yaron suka nufi Kubrus. Bayan shekaru, Bulus ɗin nan da kansa ya rubuta wa Timoti ya zo masa da Markus, don yana da amfani a gare shi. Baba ya ce, "Barnaba ya taɓa sayar da gonarsa ya kawo kuɗin gaban manzanni, kowa ya san wannan. Amma ni a wurina ranar da ya ce wa yaron nan taso mu tafi, ya ba da abin da ya fi gona. Ni ba ni da gonar sayarwa."

Azahar ta yi, la'asar ta wuce, ba Auta. Baba ya kasa aiki, ya yi ta fita bakin titi yana komawa. Hadari ya haɗu ta wajen dutsen Kufena. Ana gab da magariba sai ga a-kori-kura, Auta a baya ya baje jikinsa a kan leda don kada ruwa ya taɓa katakon. Ashe shago huɗu ya zaga, ya ƙi falankin farko don ɗanye ne, sannan motar ta mutu a hanya. Ya sauko a jiƙe, ya ciro rasit da canjin naira 3,400 daga cikin hularsa.

Baba ya ƙirga canjin a gabansa, don amana ba ta ƙi lissafi ba. Ya ƙwanƙwasa falanki biyu ya saurara. Sai ya ɗaga murya yadda mai shayi da masu faci da ke kusa za su ji: "Shekara da shekaru ina sayen katako, ban taɓa samo busasshe irin wannan a wannan kuɗi ba. Ku zo ku ga abin da ɗana ya sayo!" Kafin Lahadi maganar ta zaga unguwa, kamar yadda maganar kuɗin matasa ta zaga.

Bayan Kirsimeti dattawa suka ɗage horon. Auta kuwa tun daga aikin bencinan yake ware wani abu daga ladansa yana ba matar Baba ajiya. Wata goma sha ɗaya ya ɗauka kafin su cika 78,000, daidai abin da aka biya masa. Ya roƙi Baba ya raka shi gidan dattijon.

Dattijon ya dubi kuɗin ya ɗaure fuska. "Ni na ce bashi na ba ka? Kyauta na yi, kowa ya shaida."

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, kyautarka ta yi aiki, ita ta hana a kulle shi, ba kuma za mu manta ba. Amma yaron nan ya daɗe yana ɗauke da ita. Ka karɓa ya sauke."

Dattijon ya yi shiru mai tsawo. Ba mugun mutum ba ne. Bai taɓa zaton bakinsa na karɓe abin da hannunsa ya bayar ba. Ya ɗauki kuɗin ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ce, "Sun cika." Ya gyara murya, kamar maganar na masa nauyi, ya ƙara da cewa, "Ka yi abin da manya da yawa ba su yi mini ba. Ka gai da mahaifiyarka, ka ce mata ina neman gafara."

Sannan ya zare dubu talatin daga ciki ya tura gaban Auta, ya ce akwai ƙofofi shida da tagogi a sabon gininsa na Ɗan Magaji, wannan kafin alƙalami ne, yaushe za a je a auna?

Auta ya dubi Baba. Baba ya ce, "Kai aka tambaya."

"Gobe da ƙarfe bakwai, ranka ya daɗe, in Allah ya kai mu."