Ƙaunar da Take Jiran Ɗan'uwa

'Yan'uwa, kafin ku karanta sura ta 13 ta wasiƙar fari da Manzo Bulus ya rubuta wa Korantiyawa, ku soma da ƙarshen sura ta 11. Mutane da yawa sun haddace zancen bangaskiya da bege da ƙauna, ana kuwa karanta shi wurin ɗaurin aure, amma kaɗan ne suka lura da abin da ya jawo shi.

Koranti birnin fatauci ne a ƙasar Helenawa. Romawa suka rushe shi a shekara ta 146 kafin haihuwar Almasihu, Yuliyas Kaisar ya sa aka sāke gina shi a shekara ta 44, aka zaunar da 'yantattun bayi masu yawa a ciki. Bulus ya yi shekara ɗaya da wata shida a can, wajen shekara ta 51 bayan haihuwar Almasihu, yana ɗinkin alfarwa tare da Akila. A zamanin nan ba a gina majami'u na masu bi ba tukuna. A gidan wani mai hali suke taruwa, su ci abinci tare, a cikin cin nan ne suke yin Jibin Ubangiji.

Labari ya iske Bulus a Afisa cewa waɗansu suna riga 'yan'uwansu ci, har wani ya bugu, wani kuwa ya koma gida da yunwa. Ba wuya a gane su wane ne suka makara. Bawa ba ya tashi sai ubangidansa ya sallame shi, ɗan ƙodago kuma sai rana ta faɗi.

To, ina laifin mai gidan? Abincinsa ne, bai saci na kowa ba. Yana da bangaskiya, watakila ma yana magana da waɗansu harsuna. A gaban alƙali ba wanda zai kama shi da kome. Duk da haka Bulus ya ce abin da suke ci ba Jibin Ubangiji ba ne sam, gama sun kunyata marasa abin hannu. Maganin da ya ba su kuwa ƙarami ne ƙwarai: su jira juna, wanda yunwa ta matsa masa ya ci a gidansa tukuna.

A nan ne abubuwan nan uku suke haɗuwa. Idan na gaskata Almasihu ya mutu domin bawan nan kamar yadda ya mutu domina, ba ni da ikon mai da shi mai cin saura. Idan ina begen zama tare da shi a mulkin Allah, ƙaƙa zan kāsa jiransa na sa'a guda? Bangaskiya da bege a cikin zuciya suke, maƙwabcinka ba ya ganinsu. Abin da yake gani shi ne ko an ajiye masa rabonsa. Ku lura kuma, halin fari da Bulus ya ambata game da ƙauna haƙuri ne, kalmar Helenancin kuwa tana nufin jinkirin fushi da mutum, watau haƙurin da ake yi da wanda ya ɓata maka lokaci.

Wani zai ce, ai akwai mai makara don ragonci. Gaskiya ne, Bulus da kansa ya gargaɗi Tasalonikawa kada a ciyar da wanda ya ƙi aiki. Amma a ganina mun fi saurin kiran matalauci rago da yadda muke saurin tambayar abin da ya tsare shi. Gara a jira rago a banza sau ɗaya da a kunyata matar da mijinta ya rasu, wadda ta makara saboda ita kaɗai take ɗebo ruwa da itace.

Ku tuna da cin abincin Kirsimeti da ya wuce a ikilisiyarku, ko na godiyar kaka. Wa aka fara miƙa wa akushi, wa ya sami nama, wa kuma ya tarar da ƙanzo? Dattawan ikilisiya su fara ba da amsa, sa'an nan a tambayi matan da suka yi rabon, gama su ne suka san ƙwaryar da ta koma gida wofi.