Akwatin Baiko da Littafin Ma'aji

A buɗe II Sarakuna sura 12. Sarki Yowash ya umurci firistoci su karɓi kuɗi domin gyaran Haikali, amma har shekara ta 23 ta sarautarsa ba a gyara ko tsaguwa ɗaya ba. Jama'a suna bayarwa, aiki kuwa yana kwance. Sai Yehoyada firist ya ɗauki akwati, ya huda murfinsa, ya ajiye shi kusa da bagadi. Sa'anda kuɗi ya taru, magatakardan sarki da babban firist sukan ƙidaya shi tare. Daga nan ne magina suka sami hakkinsu.

A ƙasar Kankiya da Kusada, wajen su Kaikai, manomi yakan ga kuɗi da kaka ne. Haka nan ƙaramar ekklesiyar ƙauye take. Da kaka ga damin gero da dawa, ga tiyar wake, akwati ya yi nauyi. Kafin bazara ta ƙare kuwa mai bishara yana jiran albashinsa, rufin ɗakin sujada yana jiran ruwan fari.

Tun 1954, da aka kafa ECWA, nauyin ekklesiyoyinmu ya fara komawa wuyanmu. Iyayenmu sun ɗauke shi da kuɗin gyaɗa. A 1973 fam ya tafi, naira ta zo, naira 2 a bakin fam 1, fari kuma ya ci amfanin gona. Bayan haka gyaɗa ta ja baya, naira ta yi ta lalacewa, har abin da dā ya isa sayen kwanon rufi yau ba ya sayen ƙusa. Waɗannan ba laifin kowa ba ne a cikinmu.

Amma akwai abin da ke hannunmu. Sau da yawa mukan zaɓi ma'aji domin shi dattijon kirki ne, mu bar shi shi kaɗai da kuɗin, babu littafi, babu shaida. Mukan ce tambaya rashin kunya ce. Ni dai na ce mun zalunce shi, gama ran da lissafi ya ruɗe ba shi da mai wanke shi, masu bayarwa kuma sai hannunsu ya yi sanyi. Bulus kansa bai yarda ya kai gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, a duba II Korintiyawa sura 8.

Saboda haka ran Lahadi mutum biyu su ƙidaya baiko kafin a watse, a rubuta, su sa hannu. Hatsin kaka kuwa kada a sayar duka da araha. A zuba rabi a rumbu, a rubuta yawan dami, a ba mutum na dabam mabuɗin.